Ana Nan Ana Nema

Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
14 ga Agusta.

Zuwa ga aminina Bawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jummai da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar? Yaya damina a Zuru? Allah ya sa dawar bana ta fi ta bara. Mu nan sai godiya, ko da yake ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa a zamanin waya. Na kira ka sau biyu ranar Juma'a, Jummai ta miƙa maka, kana ta cewa in ƙara murya, ni kuwa maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Shekara talatin da ka yi a gindin injin jirgi sun tafi da kunnenka, ban ga laifinka ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban motar Zuru ya kawo maka.

Bawa, Sa'ad ne. Autana, wanda ka taɓa ɗorawa a kafaɗa a barikin Kaduna ka zaunar da shi a kujerata ta tuƙin jirgi, ya ƙi sauka sai da kuka. Ranar Alhamis da ta wuce shi da mutum uku suka tashi daga Maiduguri da jirgi mai saukar ungulu, za su ɗauko waɗanda suka ji rauni a wani sansani can wajen tafki. Ƙarfe huɗu saura na yamma aka ji muryarsu ta ƙarshe. Ba su isa sansanin ba, ba su kuma dawo ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Wani matashin hafsa ne, sa'an Sa'ad, da hularsa a hannu. Tun daga yadda ya riƙe hular na gane, don ni ma na taɓa riƙe ta haka a ƙofar gidan mutane. Na shigar da shi zaure, aka kawo ruwa, bai sha ba. Ya ce mini, ranka ya daɗe, ana nan ana nema. Na tambaye shi man da suka ɗauka, ya ce na awa biyu da rabi. Na tambaya ko na'urar nan da ke kuka idan jirgi ya faɗi ta yi kuka, ya ce ba a ji ta ba. Na tambayi yanayin sama, ya ce hadari ne ya haɗo daga gabas, gajimare ya sauko har kusa da kan itatuwa. Daga nan na bar tambaya, don na ga ya fara jin tausayina.

Mahaifiyarsa Hajiya Sadiyatu ta ji komai daga bayan ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ka san tun farko ba ta so ya bi sawuna ba, ta so ya yi karatun shari'a kamar 'yan uwan ubansa. Yau kwana huɗu ba ta tuna mini da wannan ko sau ɗaya ba, ni kuwa da ta tuna mini da ya fi mini sauƙi. Abin da take yi shi ne, duk bayan salla ta zo ta tsaya a bakin ɗakina ta ce, kai da ka san aikin, mi ka gani? Sai in ce mu ci gaba da addu'a. Matarsa Muhsina ma ta taho daga Runjin Sambo, tana ɗakin Hajiya, wayarta ba ta barin hannunta ko wajen cin abinci.

Mutanen unguwa sun cika zaure. Duk wanda ya zo jaje sai ya ƙare da cewa ai Alhaji babban soja ne, waya ɗaya zai buga a tashi jirage goma. Na buga, Bawa, ba ɗaya ba. Waɗanda muka yi aiki tare, wasu suna kiwon kaji a garuruwansu, wasu suna ƙasa. Waɗanda na koya wa tuƙi su ne manya yanzu, kuma wallahi ba su wulaƙanta ni ba. Suna ɗauka da ladabi, su ce jirage na tashi duk sa'ad da sama ta buɗe, amma ruwa ya shafe ƙasar, ciyawa ta fi tsayin mutum, kuma waɗanda ake yaƙi da su suna nan a ƙarƙashi. Ban da abin da zan ce musu wanda ba su sani ba.

Jiya na zaro tsohuwar taswirata daga akwati na shimfiɗa a ƙasa. Na auna gudun jirgi da man da ya rage, na zana da'ira da fensir. Da'irar ta fi faɗin nan zuwa Gusau. Na daɗe durƙushe a kanta har gwiwa ta riƙe, sai da Muhsina ta kama ni na tashi.

Ba na neman komai a wurinka sai addu'a, sai kuma ka amsa mini. A garin nan kowa na ganin girmana, ba wanda zan iya faɗa wa cewa tsoro nake ji. Ka gai da Jummai da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Abdulhamid.


Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
27 ga Agusta.

Aminina Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dukan mutanen gida, da fatan kuna lafiya. Wasiƙarka ta iso ranar Laraba tare da zumar da Jummai ta aiko wa Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Roƙona ɗaya, ka bar rubuta mini Oga. Mun bar aiki shekara da shekaru, kuma wanda ya tofa wa ɗana addu'a ranar suna ya wuce ya kira ni haka.

Har yanzu shiru. Yau kwana goma sha bakwai. Dangi sun fara tambaya a fakaice ko za a yi zaman makoki. Na kai maganar wurin yayana Malam Jelani. Ya ce wanda ya ɓace ba mamaci ba ne sai an tabbatar, ba a karɓar gaisuwarsa, ba a sa matarsa takaba. Na san gaskiya ya faɗa. Sai dai ka ga Muhsina, Bawa. Yarinyar ta rasa wace ce ita. Mata in sun shigo ba su san ko su ce Allah ya bayyana ko su ce Allah ya ba da haƙuri ba, sai su zauna su yi shiru su tashi.

A wasiƙarka ka ce kada in bari tunanin yaƙin Saliyo ya shigo cikin wannan. Ka makara. Tun ranar da hafsan nan ya buɗe baki ya shigo, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Ka tuna ranar da aka tura mu daga filin jirgin Lungi zuwa garin nan na cikin daji, wanda har yau ba na iya faɗin sunansa daidai. Muka sauka a filin ƙwallon makaranta, ana yayyafi. Mutanenmu da suka ji rauni suna kwance a barandar azuzuwa. Kai kana sauraron injin, Junaidu na jigilar su da taimakon masu sauran ƙarfi. Junaidu ɗan Ƙofar Rini, mai kula da ƙofa da kaya, wanda in ya saki Sakkwatanci a rediyo sai Kanawan cikinmu su yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Mun ɗora mutum goma sha biyar a jirgin da aka yi don goma sha biyu. Ya ce saura ɗaya, ya koma da gudu. A nan 'yan tawaye suka buɗe wuta daga cikin ayaba.

Harsashin farko da ya shigo shi ya same ka a cinya, ka faɗi a ƙasan jirgi. Daga nan ba ka ƙara ganin komai ba. Da ka farfaɗo a asibiti ka tambaye ni Junaidu, na ce maka tun da aka fara harbi ban ƙara ganinsa ba. Haka na rubuta a rahoto, haka na maimaita a gaban manya.

Na gan shi, Bawa. Yana tahowa da mutum a bayansa, tsakaninsa da ƙofa bai fi taku arba'in ba. Gilashin gabana ya tsage, wata fitila ta kama ja, waɗanda ke baya suna ta kururuwa in tashi. Na ƙirga biyar a zuciyata, na ja jirgi sama. Da muka karkata na leƙa ƙasa. Ya tsaya. Ya sauke wanda ya goyo a hankali a kan ciyawa, ya miƙe yana kallonmu. Bai ɗaga hannu ba, bai yi gudu ba. Ina ganin farar fuskar agogonsa har muka shiga gajimare.

Taku arba'in da mutum a baya, daƙiƙa ashirin ne ko talatin. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina auna su. Wata rana lissafin ya nuna da na jira da duk mun ƙone a filin nan, mu goma sha bakwai. Wata rana ya nuna da ya shigo. Ban taɓa samun amsa ɗaya sau biyu a jere ba.

Wannan ma ba shi ne ya fi damuna ba. Da na zo hutu, da yake ni ɗan garinsu ne, ni na je gidansu. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, ta zauna a bayan labule. Garin da muka bar shi yana hannun 'yan tawaye a lokacin, ba mai iya shiga, ba mai iya sauka, na kuma san irin abin da suke yi wa wanda suka kama da kaki. Duk da haka da ta tambaye ni ina ɗanta, sai na ji bakina ya ce, Inna, ana nan ana nema. Ta yi ta sa mini albarka. Ta aiko mini da goro har ƙofa. Ban sake bin layin gidan ba, ko da mota sai in zagaya.

Yanzu ga shi an kawo mini kalmomin har zaurena. Na san wannan karon da gaske ake nema, ina da masu faɗa mini ranar da jirgi ya tashi da ranar da ruwa ya hana. Amma duk sa'ad da aka faɗa sai in ji muryata a ciki, in kasa gaskatawa.

In ka ga ba za ka iya amsa wannan wasiƙa ba, ba zan ga laifinka ba. Kai ma abokinka ne, na kuma ɓoye maka. Ka gai da Jummai, ka ce Hajiya ta gode.

Naka,
Abdulhamid.


Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
10 ga Satumba.

Aminina Bawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi da wannan sanyin ruwa. Na ga amsarka. Layi huɗu ce, na karanta ta fiye da sau goma. Ka ce kai kana cikin goma sha bakwai ɗin, 'ya'yanka uku bayan ranar aka haife su, don haka ba kai za ka yi mini shari'a ba. Ka kuma ce in je Ƙofar Rini. Na je. Amma bari in fara da labarin da ya fi gaggawa.

An ga jirgin. Ranar Litinin aka hango shi daga sama, a cikin fadama, rabinsa a ruwa. Ranar Laraba sojojin ƙasa suka kai wurin. Sun sami gawa uku, Allah ya jiƙansu. Kujerar Sa'ad babu kowa. Wanda ya kira ni ya ce ɗamarar kujerar ba tsinkewa ta yi ba, ba a kuma yanke ta ba, kwance ta aka yi da hannu. Jakar magani da gorar ruwa ma ba su cikin jirgin.

Ka san ma'anar wannan kamar yadda na sani. Ya fita da ransa, da hankalinsa. Da na faɗa a cikin gida Muhsina ta faɗi ta yi sujada, Hajiya ta sa aka dafa shinkafa aka raba a masallaci. Ranar ce ta fara cin abincin kirki. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna. Wata guda ke nan, Bawa. Mutum ɗaya, a ƙasar da ruwa ya ci, tsakanin mutanen da ke farautar irinsa. In yana hannunsu, da sun yi shela. In ya kai wani ƙauye, da labari ya zo. Duk wannan na sani, na rasa wanda zan faɗa wa, na kuma rasa yadda zan hana zuciyata sa rai. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar na hau keke napep zuwa Ƙofar Rini, ban ɗauki mota ba don kada a tambaye ni ina za ni. Gidan su Junaidu na nan, an yi masa sabon rufi. Innar ta rasu shekara bakwai bayan zuwana. Wadda na samu ƙanwarsa ce, Safiya, malamar firamare da ta yi ritaya. Ta gane ni tun kafin in faɗi sunana. Ta ce ta ji abin da ya same mu, tana ta niyyar zuwa jaje.

Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa. Na faɗa mata duk abin da na rubuta maka, ban rage ko taku ɗaya ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Da ta buɗe baki ba ta yi maganar filin ƙwallo ba sam. Ta ce wannan tsakanina ne da Allah, ita ba ta taɓa shiga jirgi ba balle ta san abin da ya kamata. Abin da ta faɗa shi ne, har Inna ta koma ga Allah ba ta yarda wani ya ce Allah ya jiƙan Junaidu a gidan ba. Wanda ya kuskura ya faɗa, sai ta ce babban soja ya zo da kansa ya ce ana nema. Ba a yi masa sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba, ba a yi ta arba'in ba. Duk sallar layya sai ta soya nama ta ajiye masa rabonsa a kwano har ya lalace.

Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Alhaji, ba ni ka da yafiyar ba. Mai ita tana ƙasa." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗa ne. Da na tashi tafiya ta rako ni da addu'a, ta ce Allah ya sa a gane Sa'ad, da rai ko babu rai, a dai gane shi. Tun da abin nan ya faru ba wanda ya yi mini addu'a irin wannan. Na ce amin.

Na ɗauka in na sauke maganar zan ji sauƙi. Ban ji ba. Na dai ƙara sanin girman abin da na yi, a lokacin da ba sauran gyara. Malam Jelani ya ce in yi wa Junaidu da mahaifiyarsa sadaka, in yawaita istigfari. Ina yi.

Ka ci gaba da sa mu a addu'a. Hajiya na gai da Jummai.

Naka,
Abdulhamid.


Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
3 ga Oktoba.

Aminina Bawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kun wuni lafiya. Na san Jummai ta isar maka da saƙon da aka bugo mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gode da ka so tasowa, na kuma gode wa Jummai da ta hana ka. Wannan hanya ba ta mai ciwon ƙafa ba ce. Ga yadda abin ya kasance, don ka cancanci ka ji daga bakina.

Da ruwa ya fara janyewa, wani masunci ya kai wa sojoji labarin abin da ya gani a wani tudu. Suka bi shi. A gindin wata aduwa suka sami gawar Sa'ad, tafiyar da ba ta fi kilomita biyu daga jirgin ba. Sunansa na nan a ƙirjin rigarsa.

Aka kira ni Maiduguri. Na bi jirgin fasinja ta Abuja, rabona da shiga jirgi tun aikin Hajji. An ba ni kujerar taga. Da muka hau sama, ƙasa duk ta yi kore shar, rafuka na ƙyalli, sai na kama kaina ina duba inda mutum zai iya sauka in injin ya tsaya, kamar yadda na koya wa ɗalibai, kamar yadda na koya wa Sa'ad a kan tabarma da murfin kwano tun yana firamare. Na ja labulen tagar na rufe. Wadda ke kusa da ni ta ɗauka tsoron jirgi nake, ta yi ta ba ni haƙuri.

Sun karɓe ni da mutunci. Likitan da ya duba shi ya so ya taƙaita, na ce ya faɗa mini duka, ni ma ɗan gida ne. Ƙashin ƙafarsa ta hagu ya karye ƙasa da gwiwa. Ya ɗaure ta da sanda da bel ɗinsa, ɗauri mai kyau, yadda aka koya mana. Da wannan ƙafa ya ja jiki har tudun, don ya fita daga ruwa, ya kuma sami inda za a hango shi. Gorar ruwa ba komai a ciki. Likitan ya ce a ganinsa ya yi kwana biyu ko uku.

Kwana biyu ko uku, Bawa. Ke nan ranar da nake zaune a zaure ina karɓar jaje yana da rai. Jiragen da suka fita nema sun bi ta yankin, gajimare ne ya shiga tsakani. Ya san ƙarar kowanne, zai iya faɗa maka irin jirgin da ma wanda ke tuƙi. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Na yi shekara talatin ina ɗauko 'ya'yan mutane daga daji, nawa ya kwanta yana sauraron injin yana wucewa.

An yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar sojoji kusa da abokan tafiyarsa uku. Na sa hannu a ƙasar. An ba ni tuta a naɗe. Da na dawo aka yi zaman makoki na kwana uku, Muhsina ta shiga takaba. Safiya ta zo ranar ta biyu, ta daɗe a wurin Hajiya.

Hajiya ba ta tambaye ni komai ba sai shekaranjiya, bayan baƙi sun ragu. Da la'asar ina zaune a tsakar gida ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce in faɗa mata yadda aka same shi, kada in ɓoye mata komai don ita ta haife shi. A jirgi na riga na shirya abin da zan ce, cewa nan take ne, bai ji komai ba. Maganar tana bakina. Na dube ta na kasa. Na faɗa mata ƙafar, da sandar, da tudun, da kwanakin. Tana ji tana gyaɗa kai. Ta ce sai me kuma. Na ce ba sauran komai, sai takalmansa da aka samu a gefensa, an jera su waje ɗaya.

Ta ɗago kai ta ce, "Takalmi yac cire?" Na ce i. Ta ce, "To salla yay yi." Ta faɗi haka kamar wadda aka kawo wa takarda da hatimi. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ba ta yi ba tun watan Agusta, har Muhsina ta fito ta riƙe ta. Da ta natsa ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗauki buta.

Ban musa mata ba. Ni da kai mun san abin da ke sa mai karaya ya cire takalmi, mun ga yadda ƙafa ke kumbura har sai an yanka fata da wuƙa. Abin da na faɗa wa kaina ke nan tun a ofishin likita, ban ƙara bi ta kai ba. Sai da ta tashi na zauna ina juya maganar. Ƙafa ɗaya ce ta karye, Bawa. Duka biyun ya cire, ya kuma jera su.

Ban san abin da zan yi da wannan ba. Ba ni da wanda zan tambaya, wanda ya sani ba zai dawo ya faɗa ba. In ka sami sauƙi bayan girbi ka zo ka kwana biyu, ba sai mun yi magana ba.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan abokan tafiyarsa, ya jiƙan Junaidu. Ka gai da Jummai da yara.

Naka har abada,
Abdulhamid.